Me ya hana a yi wa dajin Kalifoniya ƙunar wuri kamar yadda muke yi wa namu?

"Assalamu alaikum Malam. Na kalli hotunan gobarar da ta cinye unguwannin Los Angeles a watan Janairun 2025, sai na ga duwatsun da ke bayan gidajen duk sarƙaƙiya ce busasshiya. Ni ɗan manomi ne. A wajenmu da an gama girbi ake sa wa daji wuta tun ciyawa na da sauran lema, don kada ta zo ta yi ɓarna da rani. Mutanen da suka je duniyar wata, wannan 'yar dabarar ce ta gagare su? Kuma wane irin daji ne wannan, babu manyan itatuwa amma wutarsa ta fi ta kurmi?" Daga wani mai karatu a Saminaka.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe: wane daji ne wannan, sannan me ya sa ba a riga wutar rani ƙone shi. In ta farko ta amsu da kyau, ta biyun ba za ta yi wuya ba. Na yi shekaru ina yawon duba tsirrai a duwatsun San Gabriel da na Santa Monica, waɗanda suka yi wa Los Angeles, birnin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, katanga, kuma ranar da na fara hawa can ni ma abin da na raya ke nan a zuciyata: ashana ɗaya a watan da ya dace ta raba mutanen nan da wannan wahala. Sai da na ga wuri ɗaya kafin gobara, na gan shi bayanta, na sake ganinsa bayan ta biyu, sannan na yarda cewa kama da wane ba ta wane.

Dajin da daminarsa ke zuwa cikin sanyi

Sunan dajin cafaral, daga wata kalmar Sifaniyanci da ke nufin gajeren itacen ok, wato wanda 'ya'yansa ke zama cikin 'yar hula. Abin da ya haife shi yanayi ne da ya juya wa namu baya. Mu ruwa da zafi tare suke zuwa mana, shi ya sa cikin makonni kaɗan na damina gamba ke shanye mutum a tsaye. Su kuwa ruwansu tsakanin Nuwamba da Afrilu yake sauka, lokacin sanyi, sannan daga Mayu har Oktoba sama ta ɗauke cak, ga rana. Abin da birnin Los Angeles ke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 370 ba, wato bai kai na Kano ba. Lokacin da akwai ruwa sanyi ya hana tsiro sauri, lokacin da ɗumi ya zo kuma ruwan ya ƙare. 'Yan makonnin da ke tsakani su ne kasuwar tsirrai gaba ɗaya.

Wanda kasuwarsa gajera ce ba ya rufe rumfa. Shi ya sa itatuwan cafaral ba sa kaɗe ganye da rani kamar geza, don in sun zubar babu lokacin yin sabo. Suna riƙe da shi shekara duka, ƙanana, masu tauri kamar fata, an shafe su da wani abu mai kama da kakin zuma don kada ruwa ya tsere. Tsayinsu daga ƙugun mutum ne zuwa ninkin tsayinsa, amma sun sarƙe da juna har ba ka ganin ƙasa. Na taɓa ƙoƙarin yanke hanya ta ciki don in isa wani kwazazzabo da nake hangowa kusa. Rarrafe na yi ta yi a kan turbar da namun daji suka fasa, na fito riga a yage. Irin wannan daji wurare biyar kaɗai ake samunsa a duniya: Kalifoniya, tsakiyar Chile, kewayen Bahar Rum, yankin Cape na Afirka ta Kudu, da kudanci da kudu maso yammacin Ostireliya. Kowa da sunan da yake kiran nasa, tsirran ma ba dangin juna ba ne, yanayi ne ya ɗinka musu riga iri ɗaya.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne shamis, mai ganye sirara kamar allura, a dunƙule, cike da wani danƙo mai kama wuta. Sai manzanita, wato "ƙaramar tuffa" da Sifaniyanci, wadda ba a mance ta in an gan ta sau ɗaya: ɓawonta ja ne sumul kamar an goge shi da mai, in ka dafa shi da rana tsaka sai ka ji sanyi. Akwai siyanotus, wanda ke rufe gangaren dutse da fure fari ko shuɗi a ƙarshen sanyi, kuma saiwarsa na ƙara wa ƙasa taki kamar yadda wake ke yi wa gona. Akwai toyon mai jajayen 'ya'ya a watan Disamba, da yuka mai ganye kamar na abarba amma da tsini kamar mashi, wadda ke yin shekaru tana tara ƙarfi, ta fid da sandar fure da ta fi mutum tsayi sau ɗaya tak, ta mutu. Akwai kuma wani mugun tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Shi ya fara yi min maraba, na yi kusan mako biyu ina susa, tun daga nan kafin in dafa komai sai na ƙirga ganye.

In ka hau dutse dajin sauyawa yake yi

Wannan ɓangaren ne masu kallon hoto ba sa gani, kuma nan ne rikicin ya samo asali. Daga bakin teku zuwa ƙololuwar dutsen San Antonio, wanda suke kira Baldy, hawan mita 3,068 ne, kuma kowace mita dubu ka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6, ruwa kuma na ƙaruwa. A gindin dutse akwai wasu tsirrai masu laushi da ƙamshi, irin ƙamshin da ke tuna min da ɗoɗɗoya in an murza ta, waɗannan su suna kaɗe ganye da rani. Sama da su cafaral ne ya mamaye har zuwa wajen mita 1,500. Ko a cikinsa ma akwai bambanci: gangaren da ke fuskantar kudu yana shan rana wuni guda, nan shamis da yuka suke, gajeru, da tazara, wanda ke fuskantar arewa yana cikin inuwa, nan za ka tarar da ok da toyon sun yi duhu sun fi ka tsayi. Kana tsaye a kan tsauni ɗaya, hannun dama daban hannun hagu daban, kamar an ja layi.

Daga wajen dutsen Wilson, mai tsayin mita 1,740, inda akwai gidan duban taurari, sai itatuwan fayin su fara karɓa, dangin waɗanda ake gani an shuka a wajen Jos. Akwai wanda ɗansa ɗaya kan kai kilo 2 ko fiye, ba a shan inuwarsa da kai a buɗe. Akwai wanda in ka sa hanci a tsagin ɓawonsa sai ka ji ƙamshin alewa. Can ƙoli kuma, inda dusar ƙanƙara ke kwana watanni, akwai tsofaffin fayin da iska ta lanƙwasa. A dutsen Baden-Powell akwai wanda aka ƙiyasta ya kai shekara 1,500. In ka gangara ta bayan dutsen sai hamadar Mojave ta tare ka.

Na kawo wannan ne saboda dajin fayin na sama shi ne ya yi kama da namu ta fuskar wuta. Itatuwan dogaye ne, ɓawonsu na da kauri, a da can wuta kan bi ta ƙarƙashinsu a kai a kai, ta lashe busasshen ganye da ƙananan rassa ta wuce. 'Yan asalin ƙasar ma sun daɗe suna sa irin wannan wuta da gangan. Da gwamnati ta shafe kusan ƙarni guda tana kashe kowace wuta, sai makamashi ya taru a ƙarƙashin itatuwa, yanzu in ta kama sai ta hau sama ta cinye komai. A irin wannan daji shawararka daidai take, kuma ana yin ta, ana sa wuta da gangan a lokacin da aka zaɓa. Kuskuren shi ne ɗauko maganin dajin sama a ɗura wa na ƙasa.

Yadda cafaral ke zama da wuta

Ka tuna yadda ƙunar wuri take a wajenku. Abin da ke ci ciyawa ce. Wutar na gudu a ƙasa, ba ta daɗewa a wuri ɗaya, kaɗanya da taura da maje na tsaye da kaurin ɓawonsu, sun ɗan babbake sun tsira. Gamba kuma tushenta na nan, da ruwa ya sauka ta dawo kamar ba a yi ba. Daji ne da ya saba biyan wannan haraji kowace shekara.

A cafaral babu ciyawa a ƙarƙashi, inuwa ta hana ta. Abin da zai ci wuta shi ne itacen kansa, daga gindi har kai. Saboda haka babu wata ƙaramar wuta mai bi ta ƙasa: ko dai ya ƙi kamawa, ko ya kama ya ƙone ƙurmus, sai baƙaƙen sanduna da toka. Tsirran sun san da haka, kuma hanya biyu suka yi tanadi. Wasu, irin su shamis da toyon da ok, suna da wani ƙaton kututture a binne a wuyan saiwa, cike da abinci da idanun toho. Makonni kaɗan bayan gobara, tun ruwa bai sauka ba, sai ka ga kore na ɓullowa a gindin gawayi. Wannan ba baƙo ba ne ga wanda ya san sabara da kalgo, waɗanda ake sarewa kowace shekara suna dawowa, abin da manoman Maraɗi suka mayar sana'a suka raya gonakinsu da shi. Wasu kuwa, kamar yawancin siyanotus da wasu irin manzanita, wuta na kashe su har lahira. Abin da suka dogara da shi iri ne da suka yi shekaru suna zubawa a ƙasa, yana kwance yana barci. Na siyanotus ɓawonsa ba ya shan ruwa sai zafin wuta ya tsaga shi. Na wasu kuma ba zafi yake jira ba, sinadarin hayaƙi da na gawayi ne ke ta da shi.

Bayan gobarar Station ta 2009, wadda ta ci kimanin hekta 65,000 a duwatsun San Gabriel, na riƙa komawa wani gangare da na sani tun yana da rai. Da farko toka ce kawai har idon sawu. Bayan ruwan sanyi ya sauka, wurin ya cika da furannin da ban taɓa gani a nan ba duk zuwan da nake yi, shuɗi da rawaya da ruwan goro, irinsu na ƙasa shekara da shekaru yana jiran wannan rana. Shekara biyu zuwa uku suka yi sharafinsu, sai wani tsiro dangin wake mai furen rawaya ya rufe wurin, a ƙarƙashinsa kuma 'ya'yan siyanotus na tasowa kamar an yafa. A hankali itatuwan suka haɗe kai, furannin suka koma barci.

Ga inda gizo ke saƙa. Ɗan siyanotus ko manzanita da ya tsiro bayan gobara yana bukatar shekaru kafin ya fara yin iri, sannan wasu shekarun kafin ya tara abin da zai isa. Asalin tazarar wuta a wannan daji daga shekara 30 ne zuwa 100 ko fiye. In wuta ta dawo kafin shekara goma zuwa sha biyar, ta kashe yaran tun ba su haihu ba, rumbun ƙasa kuma ta farko ta riga ta fasa shi. Masu kututture ma in aka yi ta maimaita musu, abincinsu ƙarewa yake yi. Abin da ke maye gurbi ciyayi ne 'yan shekara ɗaya da suka shigo daga Turai tun zuwan Sifaniyawa a 1769, da wani tsiro mai furen rawaya da ake kira mustad. Waɗannan tun watan Mayu sun bushe, tartsatsi ɗaya ya ishe su, kuma suna iya ci kowace shekara. Wato in ka yi wa cafaral ƙunar shekara-shekara, ka musanya dajin da ke ci sau ɗaya a rayuwar mutum da wanda ke ci kullum. Ko sa wutar a lokacin danshi don ta yi sauƙin riƙewa ba ya fisshe ka, domin irin da ya sha ruwa a ƙasa dafuwa yake yi, wanda da a bushe yake da ya jure. A gefen manyan hanyoyin Los Angeles akwai tsaunuka da yawa da suka riga suka koma haka, baƙo ya gan su rawaya da bazara ya ce kyau, ni kuwa makabarta nake gani.

Masana sun yi jayayya a kan tunaninka

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. A 1983 wani masani mai suna Richard Minnich ya kwatanta kudancin Kalifoniya da yankin Baja na Meziko da ke maƙwabtaka da ita, ya ce a Baja ƙananan gobara ne da yawa, sun yanka daji gida-gida, tsoho kusa da sabo, shi ya sa babbar wuta ba ta samun hanya. A Amurka kuwa kashe wuta ne ya tara tsohon makamashi. Wannan ra'ayi ya yi tasiri ƙwarai. Daga baya Jon Keeley da abokan aikinsa suka bi tarihin gobarar yankin suka nuna cewa manyan gobara sun girmi 'yan kwana-kwana, domin a 1889 an yi wata gagaruma a kwazazzabon Santiago na kudancin Kalifoniya tun babu mai kashewa, kuma in iska ta taso wuta ba ta tambayar shekarun daji. A 2007 wuta ta sake bi ta wasu wuraren da gobarar Cedar ta cinye a 2003, daji ɗan shekara huɗu. Ni abin da idona ya gani ya fi karkata ga Keeley.

Iskar nan kuwa sunanta Santa Ana, kuma 'yar'uwar hunturu ce ta wani fannin: daga arewa maso gabas take zuwa, daga busassun filayen Nevada da Utah, daga kaka zuwa tsakiyar sanyi. Bambancin shi ne ita gangarowa take yi daga tudu, tana matsuwa ta cikin kwazazzabai, sai ta ƙara zafi da bushewa da gudu. Leɓe na tsagewa kamar a Kano a watan Janairu, amma da ɗumi. A ranar 7 ga Janairun 2025 gudunta a kan duwatsu ya kai wajen kilomita 160 a awa, har jiragen kashe wuta suka kasa tashi a daren. Kafin nan an yi shekara biyu ana samun ruwa mai yawa, tsirrai sun yi toho sosai, sannan aka yi wata takwas kusan babu ɗigo, ruwan da ya kamata ya fara tun Nuwamba bai zo ba. Gobarar Palisades ta ci kimanin hekta 9,500, ta Eaton kimanin 5,700, gine-gine fiye da 16,000 suka tafi, mutane kimanin 30 suka rasu. Ka lura, a ma'aunin gobarar daji filin ba wani babba ba ne, bai kai rubu'in na Station ba. Inda ta bi ne ya yi muni.

Sannan wa ke kunna ta? A ƙasa-ƙasan duwatsun nan tsawa ba ta cika faɗuwa ba, balle a ranar Santa Ana da sama take tas. Fiye da kashi 90 cikin 100 na gobarar yankin daga mutane ne: wayar lantarki da iska ta tsinka, tartsatsin injin, mota, ko mai ƙeta. Ta Cedar, wadda ta ci kimanin hekta 110,000, wani mafarauci ne da ya ɓata ya hura wuta don a gan shi. Dajin ba ƙarancin wuta ke damunsa ba, yawanta ne.

To a sare shi gaba ɗaya mana?

Duwatsun San Gabriel tsaye suke, dutsensu kuma ruɓaɓɓe ne mai marmashewa, saiwar cafaral ce ke riƙe da su. Bayan gobara kakin ganyen nan na narkewa ya shiga ƙasa ya hana ta shan ruwa, in aka yi ruwa mai ƙarfi sai taɓo da duwatsu su gangaro gaba ɗaya. A ranar 9 ga Janairun 2018, makonni bayan gobarar Thomas, haka ta faru a garin Montecito, mutum 23 suka rasu, ba wuta ce ta kashe su ba, laka ce. Wanda ya aske dutse ya sayi wannan, ya kuma gayyato ciyawar da na ambata.

Abin da ya fi aiki yana kusa da gida. Dokar Kalifoniya ta wajabta a rage tsirrai har tazarar ƙafa 100, kimanin mita 30, kewaye da gini a irin waɗannan wurare. Amma yawancin gidaje ba harshen wutar daji ke taɓa su ba, garwashi ne da iska ke ɗauka ta jefa fiye da kilomita guda gaba, ya faɗa cikin busasshen ganye a indararo, ko ya shiga ta kafar iska ta rufi, ko ya kama shingen katako. Da gida ɗaya ya kama, shi ne makamashin na kusa da shi, kuma gidajensu na katako ne. Na bi ta unguwar da ta ƙone na ga itatuwa tsaye da koren ganye, gidajen da ke tsakaninsu sun zama toka. Shi ya sa ake matsa wa mutane su sa raga mai ƙananan ido a kafofin iska, su yi rufin da ba ya ci, su bar mita ɗaya da rabi na jikin bango babu abin da zai kama.

Ni mai duba tsirrai ne, kuma na san idona ya fi tausayin daji. Ɗan kwana-kwana zai ce maka yana bukatar wuraren da aka share a kan tsaunuka don ya sami inda zai tsaya, kuma yana da gaskiya: a ranar da babu iska irin waɗannan layukan na taimakawa, muddin akwai mutane a wurin da za su tare wutar. A ranar Santa Ana kuwa garwashi tsallake su yake yi, har babbar hanya mai layi takwas. Babu dabarar da ke ba da tabbaci ga gidan da aka gina a bakin kwazazzabon da iska ke bi, sai dai rage hasara.

A wajenku ma akwai wuraren da ƙunar shekara-shekara ba ta karɓa ba. Kurmin bakin rafi ɗaya ne. Na tsaunin Mambilla a Taraba wani ne, irin su Ngel Nyaki, inda itatuwan ba su da kaurin ɓawon kaɗanya, kuma wutar da ake sa wa ciyawar kiwo kowane rani tana ɗan gutsurar bakin kurmin. In ka tsaya a gefensa za ka ga baƙaƙen kututturan da ke nuna inda iyakarsa take a da, ciyawa ta riga ta shige tsakaninsu.